DAGA MAJUSAWAN FARISA ZUWA MAGUZAWAN ƘASAR HAUSA: MALA'IKU, ALJANU DA SUNAN DA MUKE BA MAƘWABCI

Rubutun yau dogo ne. Wanda yake da jarrabawa gobe da safe ya adana shi, in ya fito ya dawo ya karanta a natse.

Akwai wata kalma da ba ta yi mana nauyi a baki idan musu ya yi zafi a hostal ko a gurup ɗin aji: Bamaguje. Wanda ya makara sallar asuba a ce masa Bamaguje. Ɗalibin da sunansa Bitrus amma Hausa ya tsotsa a nono, a yi ƙasa da murya a ce "ai Maguzawa ne." Mun mai da ita zagi zalla. Alhali kalmar nan, bisa ra'ayin da ya fi ƙarfi a wurin masana, daga ƙasar Iran ta taso, ta ratsa littattafan fiƙihu, kafin ta sauka a ƙauyukan Kano da Katsina. Kuma lokacin da ta sauka, aikinta shi ne ta tsare ran mutum da dukiyarsa.

Kafin mu gane yadda aka yi haka, sai mun leƙa addinin Majusawa da halittun ɓoyen da suka yi imani da su. Domin yawancin rigimar "wane ne arne" a tarihi daga nan take farawa: abin da maƙwabcinka yake kira da dare, mala'ika ne, aljani ne, ko shaiɗan? Amsar da aka bayar ita take yanke yadda za a yi da maƙwabcin da rana.

SU WAYE MAJUSAWA?

Majusawa su ne mabiyan Zaradusht, wanda Turawa suke kira Zoroaster. Masana sun yi saɓani a kan zamaninsa, amma masu nazarin harshe sun fi karkata ga cewa ya rayu shekara dubu ko fiye kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a gabashin Iran ko tsakiyar Asiya. Littafinsu sunansa Avesta, kuma mafi tsufa a cikinsa waƙoƙi ne guda 17 da ake kira Gatha, waɗanda ake jingina wa shi Zaradusht ɗin. Addinin ya yi ƙarfi a daulolin Farisa har ya zama addinin gwamnati a daular Sasaniyawa, wadda ta yi mulki daga 224 zuwa 651 Miladiyya. Ita ce daular Kisra da muke ji a Sira, wadda rundunar Musulmi ta karya a Ƙadisiyya da Nahawand zamanin Sayyidina Umar (RA). Salmanul Farisi (RA) a cikin wannan addini ya tashi, har ma shi ne mai kula da wutar garinsu kafin ya fita neman gaskiya.

A aƙidarsu Ahura Mazda ne mahaliccin alheri, ma'anar sunan kuwa Ubangiji Mai Hikima. Motar Mazda da kuke gani a hanyar Bida, kamfanin da kansa ya ce daga nan ya ɗauko sunan, ya haɗa shi da na wanda ya kafa shi, Matsuda. A ɗaya ɓangaren akwai Angra Mainyu, ko Ahriman, tushen ƙarya da cuta da mutuwa. Duniya filin daga ce tsakanin su biyun, mutum kuma dole ya zaɓi inda zai tsaya, da tunaninsa da maganarsa da aikinsa. Suna addu'a sau biyar a rana suna fuskantar wuta ko wani haske. Mu mun san su da "masu bautar wuta." Su kuwa cewa suke wuta alama ce ta tsarki da gaskiya, alƙibla ce a gare su.

FADAR AHURA MAZDA

Ahura Mazda ba shi kaɗai yake aiki ba a wurinsu. Kusa da shi akwai manya guda shida da ake kira Amesha Spenta, wato tsarkaka marasa mutuwa. Kowanne hali ne na kirki, kuma kowanne yana riƙe da wani sashe na halitta:

1. Vohu Manah, kyakkyawan tunani, mai kula da shanu. Ruwayarsu ta ce shi ne ya bayyana ga Zaradusht a bakin kogi yana da shekara 30.
2. Asha Vahishta, gaskiya da tsari, mai kula da wuta.
3. Khshathra Vairya, mulkin adalci, mai kula da sama da ƙarfe.
4. Spenta Armaiti, ƙanƙan da kai, mai kula da ƙasa.
5. Haurvatat, cikar lafiya, mai kula da ruwa.
6. Ameretat, rashin mutuwa, mai kula da tsirrai.

Ƙasa da su akwai Yazata, su kuma suna da yawa. Mithra ne mai tsaron alkawari. Tishtrya ne mai kawo ruwan sama, wanda yake fafatawa da aljanin fari. Sraosha shi ne ji da biyayya, tsuntsunsa kuwa zakara, domin shi yake tashin mutane addu'ar asuba. Rashnu ne mai riƙe da ma'auni. Sun ce da gari ya waye a rana ta huɗu bayan mutuwa, rai yana isa wata gada mai suna Chinvat, Mithra da Sraosha da Rashnu su yi masa hisabi. Gadar ta buɗe wa na kirki, ta tsuke wa mugu ta koma kamar kaifin wuƙa.

Sai Fravashi, wani irin rauhani da kowane mutum yake da nasa tun kafin a haife shi. A kwanaki goman ƙarshe na shekara sukan share gidaje, su kunna wuta, su ajiye abinci, domin sun yi imani Fravashin magabata suna kawo ziyara. Daga nan sai bikin Nowruz, sabuwar shekara, wajen 21 ga Maris. A rundunar Ahriman kuma akwai Daeva, irin su Aeshma, aljanin fushi.

Ku duba tsarin nan da kyau: sarki, manyan 'yan majalisa, hakimai masu riƙe da yankuna, ga kuma rundunar abokan gaba a ƙetaren iyaka. Ba ya rasa kama da fadar sarakunan Farisa. Ku riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a ƙasar Hausa.

Abin mamaki, sunayen nan ba su mutu ba. Kalandar da Jamhuriyar Musulunci ta Iran take aiki da ita yau, watanninta sunayensu ne: Farvardin daga Fravashi, Ordibehesht daga Asha Vahishta, Khordad daga Haurvatat, Mehr daga Mithra, Bahman daga Vohu Manah. Ranar nasarar juyin juya halinsu, 11 ga Fabrairu 1979, su "22 ga Bahman" suke ce mata. Haka kalmar namaz da Musulmin Iran da Pakistan da Turkiyya suke kiran salla da ita, tsohuwar kalmar Farisa ce tun kafin Musulunci. Kamar dai yadda mu muka riƙe Ubangiji, Nufawa suka riƙe Soko.

ABIN BAUTAR WANI, ALJANIN WANI

Nan ne darasin farko yake. Kakannin Iraniyawa da na mutanen arewacin Indiya tushensu ɗaya, harshen Avesta da na tsofaffin littattafan Hindu kuwa kamar wa da ƙani suke. A Indiya, deva su ne ababen bauta, asura kuma daga baya suka zama miyagu. A Iran sai abin ya juye: ahura ne Ubangiji, daeva ne shaiɗanu. Indra, wanda yake sarkin ababen bauta a tsofaffin waƙoƙin Indiya, a Avesta an lissafa shi cikin Daeva. Dangi biyu suka rabu, kowa ya ɗauki na ɗan uwansa ya jefa a layin aljanu.

Girkawa ma haka ta faru da su. Daimon a wurinsu rauhani ne tsakanin mutum da ababen bauta, yana iya zama na alheri, har Socrates yana cewa yana da wata murya irin wannan da take hana shi kuskure. Da Kiristanci ya kafu, kalmar ta koma nufin baƙin aljani kawai.

Yahudawa kuma sun zauna da Farisawa na tsawon lokaci. An kwashe su zuwa Babila wajen 586 kafin Miladiyya, Sarki Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 ya ba su izinin komawa, suka ci gaba da zama ƙarƙashin Farisa kusan shekara ɗari biyu. A cikin littattafansu na Ibrananci, sai a Littafin Daniyel ne aka fara ambaton Jibrilu da Mika'ilu da suna, kuma malamansu a Talmud sun faɗa da kansu cewa sunayen mala'iku daga Babila suka taho da su. A Littafin Tobit akwai aljani mai suna Asmodeus, wanda masana da yawa suke ganin Aeshma Daeva ne ya sake riga. Daga baya, wajen shekarar 500 Miladiyya, wani marubucin Kirista da ya ari sunan Dionysius ya jera mala'iku aji tara, cocin Turai ya bi wannan tsari ɗaruruwan shekaru. 'Yan uwanmu Kiristoci sun san labarin masanan da suka zo daga gabas da kyaututtuka lokacin haihuwar Isa (AS) a Linjilar Matta. Kalmar da aka kira su da ita a Girkanci, magoi, ita ce Majus ɗin nan. Daga gare ta ne kuma Turawa suka samo kalmarsu ta sihiri, majik. Kun ga, su ma sun mai da sunan malaman wani addini sunan bokaye.

INDA MUSULUNCI YA JA LAYI

Na san wani zai ce, to ai wannan gadar kamar Siraɗi, ma'aunin kuma kamar Mizani. Wasu masanan Turai ma sun ce sunayen Haruta da Maruta na Suratul Baƙara suna kama da Haurvatat da Ameretat. Su suna fassara kamannin da aro. Malaman Musulunci kuwa suna cewa ba al'ummar da ba a aika wa mai gargaɗi ba, don haka ba abin mamaki ba ne a tsinci ɓurɓushin gaskiya a tsofaffin addinai. Kama da wane dai ba ta wane.

Amma bambancin ya fi kamannin girma, kuma shi ya kamata ɗalibi ya riƙe. A Musulunci mala'iku daga haske aka halicce su, ba sa saɓo, kuma ba a bauta musu ko kaɗan. Alƙur'ani ya yi tir da masu cewa 'ya'yan Allah ne mata. Aljanu daga wuta aka halicce su, an ɗora musu nauyin shari'a kamar mu, akwai muminai akwai kafirai a cikinsu. Iblis cikin aljanu yake kamar yadda Suratul Kahfi ta bayyana, halitta ne da aka yi wa jinkiri. Ahriman kuwa a littattafan Majusawa na zamanin Sasaniyawa ba Ahura Mazda ne ya halicce shi ba, kishiya ne mai zaman kansa. Kalmar Yazata ma ma'anarta "wanda ya cancanci bauta", kuma akwai waƙoƙin yabo da hadaya da ake yi musu.

To yaya aka yi yau duk littafin da ka buɗe sai ka ga an rubuta "mala'ikun Majusawa"? Bayan faɗuwar daularsu, wasu Majusawa sun yi hijira zuwa Gujarat a Indiya, su ne ake kira Parsi. Iyalan Tata masu motoci da ƙarafa daga cikinsu suke. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta samu su 57,264 kacal. A 1843 wani ɗan mishan mutumin Sikotland, John Wilson, ya fitar da littafi a Bombay yana zarginsu da bautar alloli barkatai. Bayan kusan shekara ashirin sai wani masani Bajamushe, Martin Haug, ya ce a'a, Zaradusht Allah ɗaya ya koyar, sauran kamar mala'iku suke. Parsi masu ilimin boko suka rungumi wannan fassara hannu bibbiyu, domin ta zame musu garkuwa. 'Yan tsiraru ne, sun san abin da suna yake jawowa.

Kada kuma wani ya ce karanta irin wannan ɓata ne. Biruni, wajen shekarar 1000, ya rubuta kalanda da bukukuwan Majusawa dalla-dalla. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya ware musu babi a littafinsa Al-Milal wan-Nihal. Malamanmu sun riga Turawa wannan fanni.

YADDA KALMAR TA ISO ƘASAR HAUSA

Sau ɗaya aka ambaci Majus a Alƙur'ani, a Suratul Hajji aya ta 17. Tambayar da ta taso wa Sahabbai ita ce: waɗannan ba Yahudu ba, ba Nasara ba, ya za a yi da su? Bukhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umar bai karɓi jiziya daga gare su ba sai da Abdurrahman bin Auf (RA) ya shaida cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓa daga Majusawan Hajar, a gabashin Larabawa. Karɓar jiziya kuwa ma'anarta an shiga amana: ransu, dukiyarsu da ƙauyukansu suna ƙarƙashin kariyar hukuma, ba a yanka su, ba a bautar da su, ko da yake ba a auren matansu, ba a cin yankansu.

A Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo cewa Umar ya karɓa daga Majusawan Farisa, Usman (RA) kuma ya karɓa daga Barbarawan arewacin Afirka, waɗanda ba su taɓa jin sunan Zaradusht ba. Daga nan kalmar ta faɗaɗa, ta zama sunan duk mutanen da ba su da littafi. Har 'yan fashin teku na arewacin Turai da suka kai wa Ishbiliya hari a Andalus a 844, marubutan Larabawa Majus suka kira su. Mazhabar Malikiyya da ta iso mana ta wannan hanyar ta zo da wannan faɗin, kuma duk wanda ya yi Risala a zaure ya wuce ta kan hukuncin jiziyar Majus.

Saboda haka da malaman ƙasar Hausa suka dubi danginsu na ƙauye waɗanda ba su musulunta ba, suna da kalma a hannu: Majus, Bamaguje, Maguzawa. Akwai wasu bayanan. Mutanen gari sukan ce daga gudu ne, wai waɗanda suka guje wa salla. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci wani Maguji, mai haƙar tama da narkar da ita a zamanin Barbushe, a matsayin kakan Maguzawa. Amma abin da ya faru a aikace ya fi goyon bayan ra'ayin farko: bayan jihadin 1804, Maguzawa sun ci gaba da zama a ƙauyukansu a masarautun Kano da Katsina da Zazzau, suna noma, suna biyan jiziya, da shugabanninsu. Da ba haka ba, da Joseph Greenberg bai tarar da su a karkarar Kano ba lokacin da ya zo bincike a 1938 da 1939.

ISKOKI DA BIRNIN JANGARE

Me Maguzawa suka yi imani da shi? Greenberg, a littafinsa na 1946, ya nuna sun san Allah ne mafi girma, amma yanka da roƙon yau da kullum iskoki ake yi wa: na gida da na daji, irin su Kure, Inna, Uwar Gona da Gajimare. Wannan tsohon abu ne. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe a Dala da tsafin Tsumburbura, tun kafin zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385.

Da Musulunci ya zo, malamai ba su ce iskoki mala'iku ba ne, ba su kuma ce babu su ba. Sun sa su a layin aljanu, aka raba su farfaru da babbaƙu, Musulmi da arna. Harshenmu ya cika da sababbin baƙi: aljan, rauhani, Iblis, Shaiɗan, Mala'ika Jibrilu, Azara'ilu. Walakiri ma da kaka take tsorata mu da kulkinsa, daga "Munkar wa Nakir" ya fito, Bahaushe ya haɗe "wa" ɗin da sunan.

Yanzu ku tuna fadar Ahura Mazda. 'Yan bori sun ce iskoki suna da birni mai suna Jangare. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafi a 1983, ya lissafa masa gidaje goma sha biyu. Akwai Sarkin Aljan Sulemanu a sama. Akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai caca da ɓarnar dukiya. Akwai Malam Alhaji, tsohon malami mai tari da carbi. Akwai Sarkin Rafi, Kuturu, Sarkin Filani, Sarkin Arna, har da Sarkin Gwari da Bagwariya. Wato masarautar Hausa ce sak, da fadawanta da malamanta da nakasassunta da maƙwabtanta, kowa an ba shi zaure.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru da zuwan Turawa. Wajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, sai ga sababbin iskoki sun bayyana, ana ce musu Babule ko Hauka: gwamna, kwamanda, kofur, suna fareti suna sara wa juna. Faransawa suka kama masu yi suka ɗaure. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a Akara ta Ghana, ya fito a tsakiyar shekarun 1950. Sabon mai mulki ya shigo gari, sai ga shi ya samu kujera a duniyar ɓoye. Bayin da aka kai arewacin Afirka ma da iskokinsu suka tafi, shi ya sa A. J. N. Tremearne ya je Tunis da Tarabulus ya tattara abin da ya rubuta a kan bori a 1914.

Wannan bayani ne na tarihi fa, ba talla ba. Hukuncin bori a addini sananne ne, Shehu Usmanu da almajiransa sun yaƙe shi, Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru ta jawo matan karkara zuwa ga karatu.

NAN MINNA FA?

Garin da muke zaune a cikinsa, sunansa ma na wuta ne. Ruwayar Gbagyi ta ce Minna na nufin watsa wuta. A ƙarshen kowace shekara akan kashe duk wutar da take gari, har ta murhu, manya su je su ɗauko sabuwa, a raba wa gidaje. Kada wani ya yi tsalle ya ce ashe Gbagyi daga Farisa suka zo. Al'ummomi da dama a duniya sun yi bikin sabuwar wuta ba tare da sun san juna ba. Duk wanda ya dogara da murhu ya san darajar garwashi.

Abin tambaya shi ne, me ya sa tsohon garin yake kan dutsen Paida, sai da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratso, wanda ya isa Kano a 1911, sannan gari ya bunƙasa a ƙasa? Tsaro ne. Al'ummomin da ba su shiga amana ba, ko aka warware musu ita, halal ne a kai musu hari a idon mayaƙan lokacin. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, wanda ya kafa Kontagora, da ɗansa Ibrahim, sun yi ta kai hare-haren kamun bayi a ƙasar Gbagyi da maƙwabtansu, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kontagora. Wannan ba gori ba ne ga 'yan Kontagora na yau, ba wanda ya zaɓi kakansa. Amma ku kwatanta: manomi a karkarar Kano mai yi wa Kure yanka, da manomi a nan mai yi wa abin da kakanninsa suka bar masa. A aƙida tazararsu ba ta da yawa. Ɗaya an sa masa sunan da ya shigar da shi littafin haraji, ɗayan an bar shi da sunan da zai iya kai shi kasuwar bayi.

Kuma wannan bai zama tarihi ba tukuna. Yazidawa na arewacin Iraƙi, addininsu daban da na Majusawa, sun yi imani da Allah ɗaya da manyan mala'iku bakwai, shugabansu Malak Ɗawus. Maƙwabta suka ce ai Iblis ne, suka laƙaba musu "masu bautar Shaiɗan", abin da su suke musantawa. A watan Agusta 2014 'yan ISIS suka afka wa Sinjar, suka yanke cewa waɗannan ko jiziya ba a karɓa daga gare su, suka kashe maza, suka sayar da mata. A 2016 kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira abin kisan ƙare dangi. Da laƙabi aka fara.

ABIN DA NAKE ROƘO

Na farko, mu bar jifa da Bamaguje da Majusi, ko a hostal ko a rigimar ƙungiyoyi a Facebook. Jikokin Maguzawa yau yawancinsu Musulmi ne ko Masihiyawa, suna zaune kusa da mu a lakca. Kai kanka da kake zagin, in ka bi salsalarka baya sosai za ka iske wanda ya taɓa zuba wa tsamiya jini, sai dai naka sun riga karɓar shiriya. Wanda kuma ya ce sunansa Gbagyi, ka kira shi Gbagyi.

Na biyu, idan wata ɗaliba ta faɗi tana fizge-fizge lokacin jarrabawa, a yi mata addu'a, a kai ta asibitin makaranta. Farfaɗiya, ƙarancin sukari, zazzaɓin da ya hau kai da firgicin jarrabawa duk suna kayar da mutum. Abin da bai kamata ba shi ne a tsaya a kanta ana cewa iskokin gidansu ne, ai 'yan ƙabila kaza haka suke. Wannan maganar takan bi yarinya har ta gama makaranta, wani lokaci har ta hana ta aure.

Na uku, mu riƙe bambancin kalmomi. Mala'ika daban, aljani daban, iska a bakin ɗan bori daban, Yazata daban. Ka san naka da hujja, ka san na wani yadda shi yake faɗarsa, sannan in za ka yi masa wa'azi ka yi. Malaman da suka karantar da kakanninmu ba su yarda da tsafin Maguzawa ba ko na rana ɗaya, amma sun nemo musu suna a cikin littafi wanda ya bar su da rai har jikokinsu suka ji kiran salla suka amsa.

Mai ƙarin bayani, musamman 'yan uwa Gbagyi da Nufawa a kan abin da kuka ji daga bakin kakanni, ga fili nan a ƙasa, amma ban da zagi. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya ba masu jarrabawa sa'a, Ya zaunar da Arewa lafiya.